Abin da Ke Bayan Tanki

Da tari ta fara, irin na tsoho a sahun asuba,
sai kuma ɗigo, ɗis, ɗis, cikin bokiti.
Ran Laraba ta amayo ruwa ja wur, mai warin ƙarfe.
Inna ta leƙa banɗaki, ta girgiza kai:
"Ta gaji. Ku bar ta ta huta."

Shekara goma sha tara tana maƙale a bangon nan,
tana shan ruwan burtsatsen Badariya
mai barin farin gishiri a gindin kowace tukunya.
Da Arzika mai gyaran famfo ya kwance cikinta,
sandar da ke dafa ruwan ta fito
kamar rogon da aka manta cikin toka.
"Wagga ba ta gyaruwa," in ji shi,
"ko gawa kam ta hi ta numfashi."

Na shiga kasuwa da takarda a aljihu
da albashin da bai kai tsakiyar wata ba.
Mai shago ya jera mini su kamar raguna:
ga mai lita goma sha biyar, ƙarama, ba ta cin wuta;
ga mai hamsin, sai gidan da ke da baƙi kullum;
ga ta hannu, wadda ta sha ruwan wata ƙasa,
an goge ta da mai tana ƙyalli, ban yarda da ita ba.
Ya nuna mini ta rana, wadda ake ɗorawa bisa rufi.
Na ji kuɗinta, na yi dariya, shi ma ya taya ni.

Ba ni nake auna ba, gwiwoyin Inna ke aunawa:
alwala biyar, wanka ɗaya,
da ɗan saura don jikokin da ke zuwa Juma'a.
Talatin. Na biya, na ƙi juyawa in dubi canjin.

Arzika ya kashe wuta tun daga mita,
ya rufe famfo, ya ce in tallabe ƙasa.
Kusoshi biyu suka ƙi, ɗaya ya karye,
sufana ta zame ta ɓare masa ɗan yatsa,
ya tsotse jinin, ya ci gaba.
Muka sauke ta. Ta fi yadda na zata nauyi.

A nan, inda fenti bai taɓa kai ba,
ga rubutun fensir, karkatacce zuwa hagu:
tsawo kaza, faɗi kaza, kuɗin bututu, kuɗin aiki,
a ƙasa kuma, da ajami ƙanana,
"Don Hajo, saboda sanyin ƙafa."

Hannun Baba ne.
Mutumin da bai taɓa kiran sunanta gabanmu ba.

Arzika ya yi kamar yana neman wani abu cikin jaka.

Sabuwar ba ta kai tsohuwar tsawo ba.
Na ce ya ɗaga ta kaɗan, ya huda sabon rami,
layin ƙarshen ya tsaya a fili.
Ya naɗe bakin bututu da farin zare,
ya ɗaure wayar ƙasa, ya ja kunnena:
"Kak ka kunna ta sai ta cika, in ba haka ba ka ƙone ta."
Ta cika. Na danna.
Babu wuta a unguwa, kwana biyu cur.
Inna ta koma ga gawayi, ba ta ce uffan ba.

Dare na uku, wajen ƙarfe biyu, fanka ta motsa.
Na fito babu takalmi.
Jan idon hitar na ci shi kaɗai cikin duhu.

Da asuba na ji ƙarar ruwa cikin buta,
sai shiru mai tsawo, ya fi na alwala.
Ta fito tana goge fuska da bakin mayafi.
"Ya ruwan, Inna?"
"Ya cika zafi," ta ce. "Ka rage."