Zaren Kaba a Rumfar Mati

Kakata Tabawa, a fadamar Auyo,
da fartanyar kakana ta yi noma.
In ya gaji ya jingine, ta ɗauka.
Ƙotar kirya, kaurin dantsen ƙato,
yatsunta ba sa haɗuwa a kanta.
Damina talatin tana bin kunya,
har ta rasu ba ta miƙe sosai ba.
Mun ce tsufa ne. Ashe fartanya.

Zamanin innata aka ce an yi gyara:
a kawo ta namiji a datse ƙota,
ko a miƙa mata ta ƙaramin yaro.
Ran kasuwa sai ga wani mai wayo,
ya shafe ƙotoci da jan fenti,
ya zana fure, ya ƙara sule biyu,
yana ta kira, "Ga ta mata! Ga ta mata!"
Inna ta saya. Fenti ya bi gumi,
ya koma tafinta kamar lalle,
nauyi na nan, ciwo na nan a baya.

Ni kuwa wata Laraba na gaji.
Na tarar da Mati yana zuga wuta.
Ya ce, "Hansai, tun kakanni
awonmu ɗaya ne, ba mu da biyu."
Na ce, "Tela ma ƙarfe yake takawa,
bai taɓa ɗinka min rigar mijina ba."
Ya yi dariya har ya saki masaba,
sannan ya yi shiru, ya dubi gawayi.
Ya tsago kaba, ya kira 'yarsa,
ita ta auna ni, shi yana kau da kai:
gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa,
zagayen tafi in na dunƙule,
da inda ƙuguna ke karyewa
in na sunkuya.

Ta farko ta yi sakayau,
tana tsalle kan laka kamar fara.
Ta biyu ta ci ƙasa, ta ci wuyan hannu.
Na mayar. Ya yi tsaki. Ya sake hura wuta.
Ta uku ya rage faɗin ruwa,
ya ɗan ƙara masa lanƙwasa,
ya feƙe aduwa siririya.
Ranar na nome kunya goma sha ɗaya,
da dare na kwanta rigingine
ban nemi man zafi ba.

Yanzu ka leƙa rumfar Mati,
kaba na reto a jikin azara,
kowace da ƙulli, kowace da mai ita:
ta Iyalle doguwa, ta Lantana bahaguwa,
ta Dudu mai ciki, wadda za a sake.

Shekaranjiya na nemi tawa na rasa.
Can na hango ta a gonar gero
hannun Nomau, mijina, gajere,
yana ta sauri kamar an biya shi.
Da muka haɗa ido ya sosa ƙeya:
shi ma, ashe, ba a taɓa auna shi ba.

Ta kakata tana rataye a zaure.
Wani lokaci nakan sauko da ita,
in sa yatsuna inda nata suka lashe itace.
Ni ma ba sa haɗuwa.
Allah ya jiƙan Tabawa,
ya sa ta miƙe a makwanci.