Man Ƙurɗum

Kwalbar ba ta kai tsawon tafin hannuna ba.
Malam Sallau na Kasuwar Barci ya zaro ta
daga bayan man zaitun da na hulba,
ya goge murfin da hannun riga, ya ce:
"Ƙurɗum ke nan. Ba ƙamshi, ba nauyi,
fata na shan sa kamar yashi ya ga ruwan farko."
Na yi ciniki har ya fara duban agogo,
na biya, na shiga bas ɗin Kakuri.

Akwai hoton fure a jikin takardar,
rawaya mai ratsin ja, gashinsa a tsaye
kamar yaron da ya kufce wa wanzami,
ga ƙaya ta zagaye masa wuya.

Inna ta jujjuya kwalbar, ta shinshina.
"Man da ba ya wari, me zai iya?
Mu da kaɗe muka girma, da alayyadi.
Ku dai sai abin da ya hau jirgi."
Tana faɗa tana miƙo hannu.

Wannan hannun.
Shekara goma sha tara a sashen rini,
zamanin da jiniyar masaƙa ke tashin unguwa
tun zakara bai gama shawara ba.
Shuɗi ya shiga ƙarƙashin farce ya yi gida,
soda ta ci tafin ta bar tsagu.
An rufe masaƙar, ciyawa ta cinye ƙofarta,
kuɗin sallama har yau suna hanya,
kaushi ne kaɗai bai yi ritaya ba.

Na ɗiga uku, na murza har ya yi ɗumi.
Daga yatsu zuwa gwiwar hannu,
ta kan ɗigo-ɗigon da allurar asibiti ta bari.
Ruwa na dukan kwanon rufi,
an ɗauke wuta tun la'asar,
ba abin da ke motsi a ɗakin sai babban yatsana.

Sai ta zame ɗankwali da kanta.
Tun da aka sallamo ta ba wanda ya ga kan nan.
Kan da mai kitso ke karɓar kuɗin mutum biyu,
shuku har ya sauko kafaɗa,
yau ga shi kamar gonar da fara ta bi:
nan tsiro, can fili.
Ban ce mata zai dawo ba.
Malam Sallau ma, duk da bakinsa, bai ce ba.
Na dai tsaga abin da ya saura da tsinke,
na bi layi layi, ina shafawa,
har numfashinta ya yi tsawo.

Ran Asabar Saraya ta zo daga Nasarawa,
abokiyar injinta, da ƙullin citta da ciwon gwiwa.
Jikarta ta duba waya ta ce,
wai da furen nan ake rina tufafi a wasu ƙasashe,
ja da rawaya, tun kafin a san masaƙa.
Suka dubi juna.
Inna ta yi dariya har tari ya kama ta:
"Ashe abokin aiki ne! Shi ma an sallame shi?"

Yanzu man ya sauko rabin kwalba.
Jiya na tarar ta narka kaɗe a murfin gwangwani
ta zuba masa a ciki, ta girgiza,
wai baƙo ba ya zama shi kaɗai.

Da na zo tafiya ta riƙe ni,
ta juya hannuna, ta dubi inda sabulun wanki ya ci.
"Ke wa ke shafa miki?"
Ban amsa ba.
Ta ɗiga uku.