Kwana Goma Sha Ɗaya

Yau kwana goma sha ɗaya rabona da fararen kaya,
na wanke, na goge, na rataye su bayan ƙofa.
Sanyin Jos na shigowa ta tsagar taga,
wayata ta yi gum, ba labarin albashi.

Shekara goma sha bakwai ina laluben jijiya
a hannun yara, tocila a bakina.
Kuɗin kasadar da ake ba ni duk wata
ba ya sayen kwandon dankali a Farin Gada.

Sun ce a zauna. An zauna.
An sha shayi, an sa hannu, an ɗauki hoto.
Takardar tana Abuja tana sharar barci a durowa,
mai gidan hayata kuwa, Malam Ɗanliti, ba ya runtsawa.

Rifkatu da muke raba dare da ita
ta sayar da filinta na Bukur, ta tsallaka teku.
Ta turo min hotonta cikin ƙanƙara.
Na daɗe ina kallo. Ban amsa ba.

Jiya da asuba aka bubbuga ƙofa:
matar mai faci ce, naƙuda ta yi gardama.
Ƙungiya ta ce kada a taɓa ko allura.
Na zaro safar hannun da na ɓoye, na bi shi.

Mace ce. Ta tsala kuka kamar mai bin bashi.
Uban ya miƙo min ƙwai huɗu a leda,
yana ta ba ni haƙuri.
Na karɓa da hannu biyu:
shi dai ya biya
tun gumina bai bushe ba.