Katin Mai Gyaran Laima

A Valdivia ruwan sama ba baƙo ba ne,
ɗan gari ne, ya san ƙofar kowa.
Shekara talatin da ɗaya ina ɗinke abin da iska ta yaga,
ina ɗora haƙarƙarin laima kamar mai ɗori,
ban taɓa neman takarda ta faɗi sunana ba.

Sai jikata Ayelén ta zo hutu daga Temuco,
ta ce, "Kaka, mai sana'a ba kati yanzu
gida ne ba ƙofa."
Ta buɗe kwamfuta kan teburin yankan yadi,
ta ture zare da almakashi gefe,
ta zana ɗan fili, bai kai tafin hannu ba,
ta ce, "Ga gonarki. Me za mu shuka?"

Na ce a sa Nibaldo da Iyalinsa,
kamar yadda yake a allon shago.
Ta dube ni kawai.
Nibaldo shekararsa tara a ƙasa,
kuma ko da ransa, hannunsa rawa yake,
ni ke zura waya, shi ke karɓar godiya.
Na yi shiru har butar shayi ta yi kuka.
Na ce, to rubuta: Rosalba Huenchumán.
Sunan ya miƙe ƙafa, ya kusa faɗowa ta gefe.
Za ta rage masa jiki, na riƙe hannunta:
rage komai, ban da shi.

Muka yi ja-in-ja kan launi.
Ita rawaya, wai a hango daga nesa,
ni shuɗi mai duhu, irin na kogi kafin hadari.
Ta sa hoton laima sabuwa fil.
Na ce, wa zai kawo mini sabuwa?
Karya mata haƙarƙari ɗaya, ya yi lilo.
Ta yi dariya, ta karya.

Don Evaristo mai ɗab'i ya murza takardu da yatsu,
ya ce, "Ɗauki mai kauri,
aljihun garin nan ba ya bushewa."
Ɗari biyar. Ladan gyaran laima ashirin.
Na ƙirga masa, gwiwata na sanyi.

Ran Alhamis suka iso cikin kwali, suna ƙamshin tawada.
Na raba a kasuwar bakin kogi,
ashirin wajen mai kemis, goma wajen direban bas,
na dawo na tasa waya a gaba.
Kwana shida. Tsit.

Ran na bakwai sai ga Ulises mai kifi a ƙofa,
rigar leda na ɗiga, ƙarni na bin sa,
ya rungumo laima takwas kamar itacen girki.
Ya ce, "Doña Rosalba, wayata ta hana ni barci.
Ina sayar da kifi, ana tambayata kuɗin ɗinki.
Na gaji da cewa ba nan ba ne,
sai na ce su kawo."

Laifina ne. Ni na rubuta lambar a bayan ambulan,
ɗayata mai ƙugiya ce,
yarinya ta karanta bakwai.

Daren nan na zauna da biro ƙarƙashin fitila,
kati ɗari uku da 'yan kai,
ina kashe bakwai, ina tsayar da ɗaya,
har yatsuna suka ƙage.
Gyara dai sana'ata ce, ba yau na fara ba.

Amma waɗanda suka fita sun fita.
Duk yamma Ulises na hawo tudu da kayan mutane,
in zuba masa shayi, ya ba ni labarin kogi,
na ma ɗinke masa aljihun da ya shekara a yage.

Ayelén ta kira, tana ta ba da haƙuri,
wai za ta biya a sake bugawa.
Na ce bari sai damina ta wuce.
Ban gaya mata a Valdivia damina ba ta wucewa ba,
ban kuma gaya mata akwai guda goma
cikin gwangwanin maɓallai
da biro bai taɓa ba.

In ya kwana biyu bai hawo ba,
nakan ɗauki ɗaya,
in manta shi a kan kujerar bas.