Ƙidayar Ungulu a Mayankar Damagaram

Asuba ta yi, na ɗauki kundi da alƙalami,
na bi ta Zango, na wuce majema,
inda ruwan fatu ke gangarawa baƙi ƙirin
ya faɗa tabki babu sallama.
Aikina ƙidaya ne. Abin da nake ƙirgawa
bai san ana ƙirga shi ba.

Bisa katangar mayanka, bisa kan dutse,
shekaranjiya huɗu, jiya uku.
Yau na tsaya har inuwata ta shige ƙarƙashin takalmi:
biyu, sai wata gurguwa can nesa
da ban tabbata ko jiya na sa ta ba.

Lawali mahauci ya ce, "Cima, likitar mai sanƙo!
Da can da sanda muke korar su,
su sauko kan tumbi kamar an kira biki.
Ƙazama ce, wa ya damu?"
Ya yi dariya, ya goge wuƙa a cinya,
sannan ya ɗaga kai sama, ya daɗe.
Bai ƙara cewa komai ba.

Ya miƙo mini tumbin wata akuya.
Na tsaga. Ba dusa, ba harawa:
leda ce baƙa, ta murɗe kamar gammo,
da zaren buhu, da marfin kwalba.
Na ɗora a sikeli, kilo biyu da 'yan kai.
Mai ita ta ce an ba ta kanwa, an ba ta gishiri,
tana kiwo tana ramewa.
Ciki cike, yunwa ta kashe ta.
Irin wannan ƙoshi ko maƙiyi ban so masa ba.

Ran Laraba aka kira mu hanyar Miriya.
Jaki ya mutu a bakin kwari,
wani ya barbaɗa masa maganin ƙwarin gona
don dilan da ke ɗauke masa 'yan tumaki.
Dila ya ƙi zuwa. Ungulu suka zo,
goma sha ɗaya, kwance kewaye da mushe
kamar masu zaman makoki da barci ya kwashe.
Uku babu kai, an riga mu da wuƙa.
Ungulu ba ta jewar banza, in ji mutane.
Wannan jewa ba ta koma gida ba.

Na sa safar hannu, na ɗebi hanta, na ɗebi ƙundu,
kwalba-kwalba, lamba da kwanan wata.
Wuta ta ɗauke da la'asar, firji ya yi shiru,
na bi masu lemu ina sayen ƙanƙara
kar shaida ta ruɓe kafin motar Yamai.
Sakamako sai wata biyu, in ya zo.
Mushe kuwa bai iya jira ba.

Ga saniya kwana biyar a bayan gari,
karnuka sun yi ƙiba, ƙuda sun kafa kasuwa,
ruwan sama ya kwashi abin da ya rage
ya kai tabkin da yara ke iyo, shanu ke sha.
Mai sharar da ba a taɓa biyanta ko dala
ta ajiye aiki, ba mu sani ba.

Innata ta ce, "Duk karatun nan, ungulu?
'Yar Barira mutane take yi wa allura."
Na ce, "Inna, abin da ya shiga akuya
tukunyarki yake nema."
Ta yi shiru. Ta tsince ledar da iska ta kawo tsakar gida,
ta janye ɗan akuyarta, ta ɗaure a turke.
Ba ta ce na yi gaskiya ba.

Gobe zan koma, kundi na da sauran shafi.
Lawali ya ce zai bar hanji a kan katanga
ko gurguwar nan za ta sauko,
amma kar abokan fawa su ji.
In ta zo, zan rubuta ɗaya.
In ba ta zo ba, zan bar gurbin fari.
Hannuna bai koyi rubuta sifiri ba.