Kwalba Ta Goma Sha Bakwai

Ni ne mai wankin kwalabe.
Sunana bai shiga rahoto ba,
amma duk kwalbar da ke ɗakin gwajin nan na Samaru
ta san tafin hannun Tanimu Barau.

Kafin assalatu nake taka keke
ta hanyar Shika, garwa biyu a baya,
raɓa na jiƙa mini ƙafar wando.
Shanun kwaleji, farare sol,
sukan ba da abin da suka ga dama,
ba abin da aka rubuta musu a allo ba.

Malam Jatau, mai farar riga har gwiwa,
ya dawo daga karatu da wani gari
mai daskarar da madara,
a ɗan gwangwanin da yake ɓoyo
kamar kuɗin adashi.
Cuku yake so, irin mai kwana da kwanaki.
Wata uku muna zubawa, muna jira,
kullum zafin Zariya ya riga mu shiga tukunya.
Na farko ya kumbura.
Na huɗu ya tsiro gemu.
Na tara kuwa, karen maigadi
ya sansana, ya yi atishawa, ya ba mu baya.
Injin sanyi ya yi tari ya mutu ran Laraba,
gwangwani ya ƙare ran Asabar.

Sai ga Daso, mai kawo wa ma'aikata kindirmo.
Ta sauke ƙwarya a gindin taga,
ta leƙa tukunya, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.
Ta ce, "Saniyar da ta ba ku wannan
ta san abin da kuke yi da shi?"

Ba ta jira amsa ba.
Ta zaga bayan shinge
ta tsinko ganyen tumfafiya,
wadda aka sa ni in sare tun makon jiya na manta.
Ta murje, ta jiƙa, ta tace,
ta ce in rage wuta.

Malam ya tsoma ma'aunin zafi.
Ita ta tsoma ɗan ƙaramin yatsa.
Shi yana kallon jan layi yana hawa,
ita tana kallon bango.
Ta ce, "Yanzu."
Ya karanta lamba, ya rubuta.
Washegari ta ce, "Yanzu,"
lambar jiya ce.
Jibi ma haka.
Malam ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

Na ga madara ta rabu da ruwanta
ba faɗa, ba sallama,
fari ya taru gefe guda
kamar garke in ya ji muryar mai shi.
Muka ci da gishiri, a tsaye,
mu uku da maigadi.

A babban littafi, kwalba ta goma sha bakwai,
an rubuta: hanyar gargajiya.
Da Malam ya fita salla
na ɗauki fensir, na sa sunanta a gefe,
da rubutuna na ajin yaƙi da jahilci.

Bara jikata ta kai ni ɗakin ajiya.
Littafin na nan, lambobi na nan.
Gara ta cinye gefen.
Na tsaya ina shafa gurbin da ɗan yatsa,
ina jin ko da sauran ɗumi.