Leɓen Roba

Ranar da na sayi tsohuwar motar Casimiro a Hermosillo,
na durƙusa na leƙa ƙarƙashin bamba,
na ga wani baƙin leɓen roba,
faɗinsa bai kai tafin hannu biyu ba.
Kullum sai ya karci dakalin ƙofar gidana,
ƙiii, kamar ana jan kwano a kan siminti.
Wata Lahadi na ɗauko filaya.
Na ce ado ne, ni kuwa na wuce shekarun ado.
Na fizge shi, na cilla bayan akurkin kaji,
na kaɗe hannu, na ce an gama da haka.

Wata biyu ina yawon gari, ko tari ba ta yi ba.
Allurar zafi na kwance a tsakiya
kamar kyanwa a inuwar katanga.
Na ce wa Nayeli: kin gani?
Ta ce: gari na gani, ban ga dutse ba tukuna.
Ashe lafiyar nan duk aron fanka.

Sai ga Yuni, muka kama hanyar Yécora gaida tsohuwa.
Kwalta na sheƙi kamar an malala mai,
dogayen ƙayoyin hamada sun ɗaga hannuwa
kamar waɗanda aka tare da bindiga.
Na taka mota, allura ta miƙe.
Na ƙara wuta don ta sha iska, ta ƙara hawa.
Na sassauta, ta ɗan sauko.
Wane irin ciwo ne wannan,
da gudu ke ƙara masa zafi,
alhali gaba gare mu ba komai sai iska?

A Tecoripa muka tsaya, bonet na huci.
Herlinda mai gareji, furfura a kai, giris a farce,
ta jira inji ya huce, ta duba ruwa: cike.
Ta murza fanka: lafiya.
Ta shimfiɗa kwali ta kwanta, ta leƙa ƙasa,
ta daɗe, sannan muryarta ta fito daga can:
Wa ya aske mata haɓa?
Nayeli ta juya tana kallon duwatsu.
Ni na sunkuyar da fuska.

Ta ce: ubana ban ruwa ya yi a kwarin Yaqui
har bayansa ya tanƙware.
Ruwa ba ya shiga gona don yana ƙaunarka,
sai ka datse masa hanyar da ya fi so.
Iska ma raguwa ce.
Lagireto rariya ne mai matsattsun ido,
ƙarƙashin mota kuwa fili ne fetal.
Me zai sa ta kutsa?
Leɓen nan ke tare ta, ta taru a gaba,
bayansa ya zama rami mai zuƙa,
sai ta bi ta rariyar dole, ta kwashi zafi ta fice.
Ka cire madatsa, ta sulale ta ƙasa,
ta cika cikin injin ta baya, ta toshe wa kanta ƙofa.
A cunkoson gari ba ruwansa,
sai kan dogon titi ake sanin amfaninsa.
Ba kowace mota ce ke jingina da shi ba,
amma wannan mai ƙaramin baki ce, ta ƙasa take shaƙa,
kai kuma ka cire mata ba ka tambayi kowa ba, don taka ce taka.

Ta yanko gefen tsohon bel na injin niƙa,
noti biyar, waya ɗaya.
Bai yi kyau ba, ya karkace hagu.
Muka hau dutsen da yamma.
Ba zan yi ƙarya ba, allura ta ɗan gota tsakiya,
amma a nan ta tsaya, har muka shiga itatuwa masu sanyi,
har tsohuwa ta ji ƙararmu ta fito da fitila kafin mu sauka.

Da muka dawo gida, ƙiii, ya karci dakali.
Na fito, na dube shi, na dubi dakalin.
Na asalin yana can, kaji sun mai da shi mazauni.
Nayeli ba ta ce uffan ba.
Guduma ta miƙo mini,
ta nuna simintin, ta ce: wannan za ka daka.